Hayaƙin Ƙarƙashin Kujerar Baya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Daga Gashuwa, zuwa ga ɗana Babagana, a gidan kawunsa Modu, Nguru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ka sauka lafiya, ka sami kawunka da iyalinsa ƙalau. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya raba ka da mugun ji da mugun gani, ya haɗa ka da abokan arziki. Uwarka tana gaishe ka. Ƙannenka ma suna gaishe ka, ko da yake tun ba ka kai kwanar tasha ba suka fara kokawa a kan katifarka.

Na san za ka ce me ya kai Baba rubuta takarda ga waya. Wayar ce ta kai ni. Duk sanda na kira ka, da na ce "salansa" sai ka ce, "Baba, ba na jin ka, sabis ya ɗauke." Sabis ɗin nan naka akwai wayo, gaisuwa yana kawo ta tas, faɗa ne ba ya ɗauka. Da ajami na rubuta don shi na iya, kai ma allo ka fara riƙewa kafin biro, kada ka ce mini ba ka gane ba. Wani direban layinku zan ba ya kawo maka har hannu.

Tun da ka ja Gwaggo ka fita, tsohuwar motar nan da ta ciyar da mu tun kafin ka yi haƙori, ban zauna wuri ɗaya ba. Na je tasha na dawo. Na je bakin kogi wajen masunta, na tsaya kamar mai jiran fito, na dawo. Na ɗauki buta na ajiye, ban san me zan yi da ita ba. Uwarka ta ce, "Maigida, ko ka zauna ko ka fita, ka hana ni tankaɗe." Na ce mata kunnena ne ya ƙi kwanciya. Don na ji kukan motar nan. Ba daga baya yake fitowa ba, daga ƙarƙashi yake, daidai kujerar baya, fut-fut-fut, kamar talge yana tafasa. Tun jajibirin tafiyarka na ce ka tsaya a duba, ka ce an yi maka alkawarin layin lodi a tashar Nguru, in ba ka isa kafin ranar kasuwa ba wani zai shige gabanka. Ka ƙara da cewa, "Baba, ai Gwaggo haka take tari tun ina yaro." Ka yi dariya. Dariyata ce sak, shi ya sa ta ba ni tsoro.

Ga maganar a dunƙule kafin in shiga surutu. Salansar motar nan ta huje a ƙarƙashin inda fasinja ke zama. Damina muke ciki. Da ruwa ya sauko kowa zai ɗaga gilashi, hayaƙin nan kuma ba shi da wajen zuwa sai ƙirjin mutane. Kada ka ɗauki fasinja ko ɗaya zuwa Machina sai an toshe ta.

Ka san ban yi karatun kanikanci ba. Abin da na sani a kan salansa, wauta ce ta koya mini, kuma ba ta koyarwa da sauƙi.

Lokacin da nake neman uwarka, Gwaggo tana hannun maigidana, ni tuƙi kawai nake masa. Ni da hannuna na huda mata salansa. Ƙusa na samu da guduma, na kwanta a ƙasa na yi wa tukunyar salansar ƙofofi, don in na shigo unguwarsu uwarka a san Garba ya iso. An kuwa sani. Awaki na tsinke igiya, jarirai na farkawa, kakanka na wajen uwa ya fito da carbi a hannu yana cewa, "Wai yaron nan mota ya zo da ita ko injin niƙa?" Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni. Ban lura ba cewa kunnena na toshe da kaina. Daga ranar, komai ya lalace a ƙarƙashin motar ba na ji, ƙarar da na ƙirƙira ta danne shi. Roba ta tsinke, ban ji ba. Noti ya kwance, ban ji ba. Sai da bututu ya sauko a hanyar Jajimaji yana jan kwalta yana tartsatsi, wani Bafulatani a kan babur ya biyo ni yana ihu, "Mai mota! Tsaya, hanjinta ya fito!"

Saboda haka ka so mota mai shiru, Babagana. Mai shiru ce take gaya maka inda ke mata ciwo. In kana son gano inda ta huje, da safe za ka yi, ƙarfe da sanyinsa, a fili ba cikin shago ba. Ka ja birkin hannu, ka sa dutse a taya, ka tayar da ita. Kawunka ya dunƙule tsumma ya danna a bakin bututun baya na ɗan lokaci, kai kuma ka tsuguna ka saurara. Inda ta huje zai yi huci. Ka bi da tafin hannu kusa da ƙarfen, ban ce ka taɓa ba, za ka ji iska na busa ka. Ka duba mahaɗar bututu da bututu, ka duba wuya, can sama inda salansa ta kama inji. Duk inda ka ga baƙi ya yi zane kamar kunkunniyar rufin madafi, nan ɓarnar take. In kana shakka ka shafa ruwan sabulu, zai yi kumfa. Kuma kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai. Yashin ƙasarmu ba ya riƙe jak. A kai ta ramin gareji.

Na ji kukan mota yanzu na tashi na leƙa. Ashe injin markaɗen maƙwabta ne. Ina muka tsaya?

To, da bututun ya faɗo, maimakon in kai wa masu abin, sai na ce ai ni ma hannu gare ni. Gwangwanin tumatir na fasa na naɗe wurin, na ɗaure da wayar ƙarfe. Bai kai mu ko'ina ba, zafi ya cinye shi. Robobin nan kuwa da suke rataye salansa a jikin mota, da na ga sun tsittsinke sai na ce me ake da roba, abin da rana ke ci? Na sami wani mai walda a ƙauye, na sa ya like maratayin da jikin mota gam, ƙarfe a kan ƙarfe. Na fito ina taƙama na yi maganin abin har abada. Ranar nan motar gaba ɗaya rawa ta kama. Madubi na rawa, sitiyari na rawa, haƙoran fasinja na kaɗawa. Wata mai nono da na ɗauko ta buɗe ƙwaryarta a Nguru ta ce, "La ilaha! Direba, ai ka kaɗe mini shi, ga mai ya taso." Na ce ta ba ni ladan kaɗi. Ta ce ladana yana lahira.

Ba a yi nisa ba bututun ya tsage a wuya. Na kai wa Kyari mai walda, wanda rumfarsa ke bayan tsohuwar tashar jirgi a can Nguru, har yanzu yana nan, kowa ka tambaya zai nuna maka. Ya like. Salansar ta sake tsagewa a wuri ɗaya. Na koma, ya like. Ta sake. Na koma da faɗa.

Na ce, "Kyari, wai da wuta kake walda ko da miyau?"

Ya ce, "Wushe, sannu sarkin surutu. Buɗe gaban motar, ka tsaya a gefe ka zuba wa inji ido."

Ya shiga ya taka birki, ya sa giya, ya ɗan ba ta wuta. Sai na ga injin ya ɗaga gefe ɗaya kamar jaki zai yi harbi.

Ya leƙo ta taga ya ce, "Ka gani? Kujerar injinka, robar da yake zaune a kai, ta mutu tun bara. Kai yana tsalle, ka ɗaure wutsiya gam, ina kake so ƙarfe ya je? Ko aljanu ka kai wa su like, sai ta karye."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa tun farko?"

Ya ce, "Ka taɓa yin shiru in sa baki?"

Wannan ka riƙe shi da kyau. Salansa ba ɗaure ta ake yi ba, rataye ta ake yi. In ta huce, ka kama bututun baya ka tura: ta yi lilo kaɗan ta dawo wurinta, ba tare da ta bugi jikin mota ba. In ta ƙi motsi, an matse ta. In ta yi ƙwal-ƙwal, roba ta tafi. Ka sa robar ainihi. In ka rasa a ƙauye, yankin tsohuwar taya zai kai ka gari, amma gari kawai na ce, ba shekara ba. Duk wurin da aka like ya sake tsagewa, kada ka zagi mai walda irin na ubanka, ka sa a duba kujerar inji da ta giya. Hanyoyin ƙauyukan da za ka bi yashi ne, tsakiyarsu tudu, tukunyar salansa ita ke shan dukan farko, ka ɗora taya ɗaya a kan tudun in ka yi lodi. In ka iso ruwa kwance a hanya bayan doguwar tafiya, ka ɗan tsaya ƙarfe ya sha iska kafin ka faɗa, zafi da sanyi in suka haɗu tsagewa ake yi. Walda kuma, in wurin yana kusa da tankin mai, a kwance bututun a fito da shi waje. Mai waldan da ya ce maka ba komai, ka tambaye shi ina girarsa ta tafi.

Duk waɗannan abin dariya ne, na sha ba ka labarinsu kana cin tuwo. Ga wadda ta hana ni zama.

Ya Kolo ba ka san ta sosai ba, kana rarrafe lokacin. Tsohuwa ce 'yar Bade, mai fataucin kifi banda daga Gashuwa zuwa Nguru. Abokiyar wasana ce, "mijin banza" take ce mini, ni kuma in ce mata amarya. Duk ranar kasuwa motata take shiga. Ka san yadda muke lodin banda: kwalaye a but har marfi ya ƙi rufuwa, a ɗaure shi da igiya a buɗe, saura a cusa ƙarƙashin ƙafafun fasinja. Motar gaba ɗaya warin hayaƙin kifi take yi, har hularka. To ta yaya hanci zai raba hayaƙin kifi da hayaƙin inji? Ba ya rabawa. Nan masu ɗaukar banda suke faɗawa, mai ɗaukar gero ko awaki da ya ji ƙauri tun da wuri.

A lokacin an san Gwaggo da abu ɗaya a tasha: duk wanda ya shiga baya sai ya yi barci. Ni kuwa alfahari nake yi. Ina cewa, "Motata gado ce. Ku ba ni mai rigima, kafin Jajimaji zai yi laushi." Har wasa na ƙirƙiro. In na tsaya sauke wani, sai in zagaya in sa yatsa a bakin bututu in lakato baƙi, in zana wa mai barci gashin baki. Ya shiga kasuwa ana ta kallonsa bai san dalili ba. Ya Kolo ta fi kowa shan wannan. Da yatsana ya taɓa ta take farkawa ta ciro silifa, in zagaya mota tana bi na tana cewa, "Allah ya haɗa ka da wanda ya fi ka, mijin banza!"

Ranar da abin ya faru, tun daga Gashuwa ruwa ake yi, da hantsi. Kowa ya ɗaga gilashi. Ni kaɗai na bar nawa a ɗan buɗe, ba don hankali ba, don goro nake ci ina tofarwa. Tofin goron nan shi ya cece ni. Da muka iso Jajimaji na tsaya sauke na gaba. Baya tsit. Na ce yau kasuwa ta yi kyau. Na lakato baƙi na buɗe ƙofa, na zana wa Ya Kolo gashin baki. Ba ta motsa ba. Na ƙara mata gemu, ina danne dariya. Ba ta motsa ba. Na ce, "Amarya, tashi ki ga angonki." Na taɓa kafaɗarta, sai kanta ya langaɓe ya faɗo a hannuna.

Mutumin da ke kusa da ita ya rarrafo waje ya durƙusa cikin taɓo, ya riƙe kai yana amai. Na ukun ya buɗe ido yana kallona bai san ni ba. Jama'a suka taru. Wani ya ce iskar fadama ce, an wuce ba a yi addu'a ba. Wani ya fara tofi. Wani ma cewa ya yi a kawo garwashi a yi mata hayaƙi. Hayaƙi, Babagana! Allah ya kawo wata ma'aikaciyar asibiti da ta fake wa ruwa a rumfar mai shayi, ta ratso mutane ta ce a fito da ita fili, a matsa a ba ta iska, kada wanda ya kunna komai. Ta leƙa cikin motar, ta dube ni ta ce, "Kai ne direban? Kashe injin nan." Ashe ban ma kashe ba.

Muka ɗauki tsohuwar nan a tabarma cikin ruwa zuwa asibiti, ga gemu da gashin baki a fuskarta. Ina riƙe da gefen tabarma da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina goge mata fuska da hulata, baƙin yana ƙara yaɗuwa. Ba wanda ya yi dariya. Ban taɓa son a zage ni ba irin ranar, ba kuma wanda ya zage ni.

Allah ya yi da sauran kwananta, ta farfaɗo. Da aka sallame ta na je gaishe ta gida, na tsuguna a bakin ƙofa na kasa shiga. Ta ce, "Shigo mana, mijin banza." Na shiga. Ta dube ni ta ce, "Garba, gemun na yafe maka. Amma gaya mini, da ban tashi ba, haka za ka miƙa ni ga masu wanka?"

Ba ta sake shiga motata ba. Ba ta sake shiga ta kowa ba ma, ciwon kai ya zauna mata, 'yarta ta karɓi fataucin.

Ma'aikaciyar nan ta gaya mini abin da ban sani ba: abin da ke kashewa a cikin hayaƙin mota ba shi da wari ko kaɗan, ba a kuma ganinsa. Saboda haka kada ka jira hanci. Mutane za ka duba. In fasinja ya fara dafe goshi, in hamma ta zaga mota, in wani ya ce zuciyarsa na tashi alhali bai saba ba, ka tsaya nan take, ka kashe inji, ka buɗe ƙofofi duka, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Fasinjan da ke maka tsiya a kan canji, yana zagin tuƙinka, lafiyarsa ƙalau, ka gode wa Allah da shi. Wanda ya yi shiru shi za ka leƙa a madubi. Ka kira shi, ka tsokane shi, baki dai ka gada. But a buɗe yana zuƙo hayaƙi ya turo shi ciki, don haka a sa bututun baya ya wuce bamba, kwalayen da suka hana marfi rufuwa su hau sama a ɗaure. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasan mota ka duba, Gwaggo ta tsufa, tsatsa ta ci ta, inda ka hango ƙasa ta rami nan hayaƙi yake shigowa, a like shi. Kuma in ruwa ya tare ka, kada ka kwanta a ciki da inji a kunne kana jiran ya ɗauke.

Na sake tashi. Uwarka ta ce in na ƙara zagaya tsakar gidan nan za ta ɗaura mini turmi a ƙafa.

Babagana, na san ka kamar yadda na san kaina. Za ka karanta, ka yi dariya wajen mai nono, ka yi shiru wajen Ya Kolo, ka ninke takardar ka sa aljihu, ka ce bari kasuwar nan ɗaya ta wuce tukuna. Ni ma a shekarunka haka zan yi. Shi ya sa ban dogara da takarda kaɗai ba.

Ajiye ta. Je ka wajen Gwaggo, ka buɗe ƙofar baya, ka murɗa hannun gilashi. Murɗa da kyau. Zagaya ka murɗa ɗayan ma.

Ka ji yana juyawa ba nauyi? Da ka tafi sallamar dangi ka bar mini motar a ƙofar gida, na kwance marfin ƙofofin nan biyu, na zare gilasan, na mayar da komai yadda yake. Kai kana zaton a sauke suke. Suna nan ƙarƙashin gadon uwarka, naɗe cikin bargo, ko ƙwarzane babu. Ba fasinjan da zai yarda ya shiga motar da ruwa zai yi masa wanka, ba ɗan kamashon da zai yi maka lodi. Kada ka ce leda za ka liƙa, na riga na gaya wa kawunka, duk wadda ka liƙa zai yage ta, kuma ka san Modu ba ya wasa.

Ranar da Kyari ya gaya mini da bakinsa cewa ya like ta, ya sa roba, ya duba kujerar inji, ya toshe ƙasa, ranar zan rungumo gilasan nan a cinyata in zo Nguru in ɗaura maka da hannuna. In layin ya kuɓuce maka a dalilina, ni zan je in durƙusa wa shugabannin tasha, gwiwata ba ta fi ƙarfin wannan ba.

Hadari ya haɗo a gabas yanzu haka, iska ta fara ɗaga mini takarda. Ka san abin da ya sauka a Gashuwa ba ya daɗewa bai iso ku ba. In ka ga dama ka yi fushi da ni har kaka. Fushinka zan iya ɗauka. Tabarmar nan ce ba na so ka taɓa riƙe gefenta.

Allah ya tsare ka, ya tsare duk wanda zai zauna a bayanka, ya sa ka sauke kowa da ƙafarsa a ƙofar gidansa. Allah ya yi maka albarka. Ka gaishe da kawunka da mutanen gida.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba